Wane matashi zan sa a ƙarƙashin maɗaurin allon telemark?

Tambaya: Ina zaune a Norway, kuma ban daɗe da fara zamiyar telemark a kan dusar ƙanƙara ba, wato zamiya a kan dogayen alluna biyu, inda gaban takalmi kaɗai ke ɗaure, dunduniya kuma a sake. Ƙugun allona, wato faɗinsa a tsakiya, milimita 72 ne. Takalmina na roba ne, Scarpa T2, na hannu na saye shi. Maɗaurin da ke riƙe takalmin mai milimita 75 ne, mai fil uku da ke shiga ramukan gaban takalmi da waya mai zagaye dunduniya, an ɗaura shi kai tsaye a jikin allon. Abu biyu ke damuna. Idan na kwantar da allo a kwana a wuri mai tauri, sai ƙafa ta goce mini farat ɗaya. Sannan idan na tsaya cak, dunduniyata ba ta son sauka, sai in ji kamar ana tunkuɗa ni gaba. A shago an nuna mini matashin da ake sawa tsakanin allo da maɗauri, wanda suke kira shim ko riser, akwai na milimita 10, da 20, da 30. Wanne zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, ciwo biyu ka lissafa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Gocewar ƙafa a kwana tsayi take buƙata. Dunduniyar da ta ƙi sauka kuwa ba ruwanta da tsayi, karkata take buƙata, wato waigi mai kauri ta gaba, siriri ta baya. Da irin kayan da ka faɗa, na milimita 20 zan ce ka ɗauka, kuma ka nemi wanda samansa ya ɗan gangaro baya. Amma kada ka biya kuɗi sai ka yi awo biyu a gida, domin takalmin hannu kowanne da yadda ya lanƙwashe.

Mu fara da gocewar. Bakin agwagwar takalminka, wato leɓen nan da ya fito gaban yatsu, faɗinsa milimita 75 ne a daidai layin fil. Tun daga nan ya riga ya fi ƙugun allonka. Ƙara da kumatun ƙarfen da suka rungume shi, ƙara da waya da sifirin da suka bi gefe, ƙara da jikin takalmin kansa wanda ya fi faɗi a wajen tushen yatsu. Duk wannan yana leƙe a waje da gefen allo. Muddin allo yana kwance a kan tafinsa babu matsala. Da ka karkata shi kan kaifinsa, wato bakin ƙarfen da ke gefensa, abin da ya leƙo yana sauka, har ya taɓa ƙasa. A dusa mai laushi zai kutsa ciki kawai, ka ji ɗan ja. A wuri mai tauri ba ya kutsawa, sai ya zama shi ne madogara, ya ɗage kaifin ƙarfen daga ƙanƙara. Kaifi na rabuwa da ƙasa, ba abin da ya rage yana riƙe ka. Shi ya sa faɗuwar ba ta sallama.

Awon farko ke nan. Sa takalmin a maɗauri, ka ɗaure waya kamar za ka fita. Ɗora allon a kan tebur ko daɓe mai santsi, ka karkata shi a hankali kan kaifi har wani abu ya taɓa. Duba mene ne ya fara taɓawa, sannan ka ɗora wayar salula mai manhajar awon kusurwa a kan allon ka karanta digiri. Ka yi haka ta ciki da ta waje, domin maɗaurin 75 gefensa biyu ba daidai suke ba, akwai na hagu akwai na dama. Ka sake yi da dunduniya a ɗage, saboda idan takalmi ya lanƙwasa waya da sifirin suna canza wuri.

Lissafin ba shi da wuya. Abu biyu ne ke yanke hukunci: yawan abin da ya leƙo, da tsayinsa daga tafin allo. Mu ɗauka wurin da ya fi faɗi milimita 108 ne. Cire 72, saura 36, raba biyu, kowane gefe ya leƙo da 18. Mu ce tsayin wurin daga tafin allo 16 ne. Da wannan, abin zai taɓa ƙasa a wajen digiri 42. Sa matashin milimita 10, ya koma kusan 55. Sa na 20, ya kai 63. Sa na 30, ya tsaya a 69. Ka lura da yadda ribar ke raguwa: goman farko ta ba ka digiri 13, ta biyu 8, ta uku ba ta kai 6 ba. Da allon naka mai ƙugun milimita 100 ne, abin da zai leƙo 4 ne kacal, kuma ba tare da matashi ko ɗaya ba sai ka kai digiri 76 kafin wani abu ya taɓa. Wannan ne dalilin da ya sa masu faffaɗan allo ba su damu da zancen ba.

Sai dai tebur ba tsauni ba ne. A kan dusa kaifi yana nutsewa 'yan milimita, kuma duk abin da ya nutse an cire shi daga tsayinka. A misalin nan, nutsewar milimita 4 ta isa ta mayar da digiri 42 ya zama 34. Gangaren ma yana cin rabonsa. Idan kana ratsa gangare mai digiri 30 a kaikaice, allonka kuma yana tsaye daidai a ƙarƙashinka, ka riga ka cinye digiri 30 tun ba ka fara kwana ba. Saboda haka ni abin da nake so in gani a tebur shi ne wajen digiri 60 ga mai takalmin roba da ke zamiya a filin da injin ya daddaɓe. Ƙasa da 50 zai ci gaba da gocewa. Sama da 65 kuma ba ka ƙara samun wani abu, nauyi kawai ka ƙara.

Za ka ji ana cewa tsayi yana ƙara ƙarfin danna kaifi. Gaskiya ne. Kamar makaniken da ya zura bututu a hannun sifana ne: ɗan motsin gwiwa yana zama ƙarfi mai yawa a kaifi. Amma bututun nan da ke kwance noti mai tauri shi ne kuma ke karya shi. Ƙarfin yana komawa ta ɗaya ɓangaren ma. Idan kaifi ya ci karo da kunya ko dunƙulen ƙanƙara, murɗawar da za ta iso idon sawu da gwiwa ta fi yawa. Ba banza ba hukumar wasannin zamiya ta duniya, FIS, ta ƙayyade tsayin da ke tsakanin tafin allo da tafin takalmi a tseren gangara, ba ya wuce milimita 50. Sukurorin da suka riƙe maɗauri su ma suna shan wannan ƙarin. A telemark kuwa dama su ne suka fi wahala, domin duk lokacin da ka durƙusa ka ɗaga dunduniya, waya tana ɓanɓarar bayan maɗaurin sama, sukurori biyu ko uku ne ke ɗauke da wannan jan. Sannan idan ka yi nisa da allo kana rasa jin abin da ke ƙarƙashin ƙafarka, musamman a sabuwar dusa mai zurfi, inda ake son allo ya yi iyo a kan tafinsa.

Dogayen matasai sun yi tashe ne bayan fitowar takalman roba a farkon shekarun 1990, lokacin da kamfanin Scarpa ya fito da takalmin Terminator. Takalmi ya yi ƙarfi ya yi faɗi, alluna kuma har lokacin sirara ne, dole aka ɗaga ƙafa. Da alluna suka yi faɗi sai buƙatar ta ragu. Maɗaurai na baya, irin su Voile Switchback da Axl na kamfanin 22 Designs, da tsayinsu a jikinsu suke zuwa. Haka tsarin maɗauri da takalmi na NTN da kamfanin Rottefella na Norway ya fitar a 2007, wanda ya yar da bakin agwagwa gaba ɗaya. Irin waɗannan ba a ƙara musu matashi sai da dalili mai ƙarfi, kuma idan maɗaurin yana da birki, ƙarin tsayi yana hana ƙafafun birkin kama dusa yadda ya kamata. Mai takalmin fata kuma shi ne ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan. Fata ba ta riƙe idon sawu, idan aka ɗora ta a kan milimita 20 ko 30 ƙafa sai ta riƙa rawa. Gare shi milimita 10 ya isa, don kumatun maɗauri su daina gogar dusa idan yana ratsa gangare. Ga mai tafiya a shimfiɗaɗɗen daji ma babu ya fi.

Yanzu ciwo na biyu. Takalmin roba na telemark yana da wurin lanƙwasa a saman yatsu. Bayan dubban durƙuso robar tana riƙe lanƙwasar, tafin takalmi ya zama kamar baka. Idan maɗauri ya danne bakin agwagwa ya kwantar da shi, sai dunduniya ta tashi ta tsaya a iska. Kai kuma idan ka taka ta ƙasa da nauyinka, takalmin yana mayar da martani kamar sifirin, yana tura ka gaba. Da ka sassauta nauyi kaɗan, ko allo ya shiga dusa mai nauyi ya rage gudu, sai ka tafi ta ka.

Awo na biyu: takalmi a maɗauri, babu ƙafa a ciki, a ɗaki mai ɗan sanyi. Ɗauki rula ka auna ratar da ke tsakanin dunduniyar takalmi da madogararta da ke kan allo. 'Yar rata ta milimita 10 ko ƙasa da haka ba abin damuwa ba ce, nauyinka zai rufe ta. Idan ta haura 20, waigi kake nema. Ƙa'idar lissafi a nan mai sauƙin riƙewa ce. A takalmin babban mutum, daga layin fil zuwa dunduniya kusan santimita 28 ne, kuma kowane digiri ɗaya na karkata yana sauke dunduniya da kusan milimita 5. Waigi mai digiri 2 zai sauke ta da 10, mai digiri 3 da kusan 15. Ba sai ka rufe ratar duka ba. Idan waigin ya yi yawa, dunduniya za ta manne da ƙarfi, bakin agwagwa ya riƙa shan lanƙwasa fiye da kima a kowane taku, ramukan fil su fara yagewa. Digiri 2 zuwa 3 ya wadatar da yawancin takalma. Wasu matasai na shago da wannan gangarar ake ƙera su. Ka ɗora shi a tebur ka auna kaurin gaba da na baya kafin ka sayi waigi daban, kada ka tara karkata biyu.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da ake bi a nan, duka ba na son su. Wasu suna ɗaga madogarar dunduniya ta cike ratar. Wannan yana kashe tunkuɗar, amma ya bar ka a tsaye a kan gangara har abada, gwiwa a gaba, cinya tana aiki ko kana hutawa. Wasu kuma suna cusa wosha biyu ko uku a ƙarƙashin sukurun gaba. Sai farantin maɗauri ya rataye a iska, ya fara lanƙwashewa, sukuru yana motsi a raminsa, ruwa yana shiga. Waigi dole ya tallafi farantin daga farko har ƙarshe.

Duk matashin da ka sa a gaba, sai ka sa ɗan'uwansa a baya. Ana mantawa da wannan sosai. Idan yatsu sun hau milimita 20 dunduniya kuma tana nan a ƙasa, za ka ji kamar kana faɗawa baya, tafin takalmi kuma yana murɗewa. Auna daga saman allo zuwa inda tushen yatsu ke zama, ka auna daga saman allo zuwa kan madogarar dunduniya. Su zo ɗaya, ko da bambancin da bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Idan akwai waigi, da gefensa na baya za ka daidaita. Ka duba kuma ƙarfen hawan tudu da ke jikin madogarar, ya zama yana tashi yana kwanciya ba tare da ya gogi takalmi ba.

Kafin ka bar shago, ka gwada ramuka. Maɗaurinka na ramuka uku ne, tsohon tsarin ƙasashen arewacin Turai. Akwai tsarin ramuka huɗu da maɗaurin G3 Targa ya yaɗa, akwai na shida na 22 Designs. Ka je da maɗaurin a hannu ka ɗora a kai. Matashin da ya fi shi ne mai hawa biyu: shi kansa yana kama allo da sukurori huɗu, maɗauri kuma yana kama shi da nasa uku. Wannan ma riba ce a gare ka, domin ramuka huɗu a baje sun fi uku riƙo. Wanda ake zura dogon sukuru ya ratsa maɗauri da matashi har cikin allo, ya yi daidai idan kaurin bai wuce milimita 10 ba. Sama da haka dogon sukuru yana lanƙwasa a kowane kwana, yana faɗaɗa raminsa a hankali har ya fita.

Idan da hannunka za ka yi, farar robar allon yanka nama, wadda ake kira HDPE, tana jure sanyi kuma ba ta shan ruwa. Guntun da ya kai milimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, 20 a kauri, nauyinsa kusan giram 137 ne a kowace ƙafa. Na roba mai tauri ta Delrin kusan giram 200, na alminiyam kusan 390, sai dai a rarake shi. Illar HDPE ita ce ba ta riƙe haƙoran sukuru, don haka sai ka binne noti mai fuka-fuki ta ƙasa, maɗauri ya kama shi. Ka guji robar nan mai kama da gilashi, tana tsagewa a sanyi. Ka guji filawud, yana shan ruwa ya kumbura. Kada kuma matashin ya fi farantin maɗauri tsawo da yawa. Dogo mai tauri yana hana tsakiyar allo lanƙwasa, sai ka ji kwana yana zuwa da gargada.

Inda aka fi ɓata allo shi ne tsawon sukuru. Sukurun maɗauri kaurinsa milimita 5.5 ne, kansa Pozidriv lamba 3. Sukundireban Phillips yana kama da shi, amma zai cinye kan. A allon manya, abin da ya kamata ya shiga jikin allo milimita 8 ne. Zura sukurun a ramin matashi, ka danna shi ya zauna, ka auna abin da ya fito ta ƙasa. Idan ya gaza, ka ce 5, haƙora biyu ko uku ne kawai suka kama, ranar da ka durƙusa da ƙarfi maɗaurin zai biyo ƙafarka. Idan ya zarce, tsininsa zai turo tafin allo ya yi ƙurji, wani lokaci har ya raba shimfiɗun allon. Ka kara sukurun a gefen allon ka gani da idonka, kuma ka yi haka a wurin dunduniya ma, domin kaurin allo yana raguwa idan aka matsa baya. Siraran allunan yawon daji da na yara ba su ɗaukar milimita 8, sukuru da bakin mahuji gajeru ake sa musu.

Wurin ɗaurawa, kafin ka kwance tsohon maɗauri, manna tef a allon ka ja layi daidai layin fil, ka sauko da shi har gefe. Matashi ba ya canza inda ƙafa ya kamata ta zauna, don haka da wannan layin za ka daidaita, ba da bakin matashi ba. Tsakiyar allo kuma daga kaifin ƙarfe biyu ake auna ta, ba daga zanen da ke sama ba, domin zane yakan karkace. Toshe tsofaffin ramuka uku da 'yan toshe na roba da gam mai hana ruwa. Sabon rami ya yi nesa da tsoho da aƙalla santimita ɗaya. Idan sun yi kusa, gara ka matsar da komai gaba ko baya da 'yan milimita, ba za ka ji bambancin a ƙafa ba. Bakin mahuji mai wuya ake amfani da shi, wanda ba ya zarce zurfinsa: 3.5 ko 3.6 ga allon katako zalla, 4.1 ga mai shimfiɗar ƙarfe a ciki, zurfi milimita 9 zuwa 9.5. Alluna da yawa an rubuta girman a jikinsu kusa da tsakiya. Mai ƙarfe a ciki sai an yanka masa haƙora kafin a sa sukuru.

Bayan huda, bakin rami yakan taso ɗan tudu. Ka share shi da wuƙa ko kurfi. Idan ka bar shi, matashin zai zauna a kan tudu huɗu maimakon a kan allo, ya riƙa rawa ko da sukurori sun ɗauru. Ɗiga gam a kowane rami. Ga telemark na fi son gam mai haɗi biyu, mai jinkirin bushewa, saboda jan da na ambata, kuma a bar shi awa 24 a ɗaki mai ɗumi. Da hannu za ka ɗaure, kana danna sukundireba ƙasa, kana zagayawa daga kusurwa zuwa kishiyarta. Da ka ji ya tsaya, ka tsaya. Idan ya ci gaba da juyawa ba tauri, ramin ya cinye, kada ka rufe ido ka bar shi. Sai a faɗaɗa shi a dasa gidan noti na ƙarfe mai haƙoran M5, irin na Binding Freedom ko Quiver Killer.

Wajen ɗora maɗauri a kan matashi, idan sukurun roba yake ci kai tsaye, duk lokacin da za ka mayar da shi ka fara juya shi baya har ka ji ya faɗa tsohuwar hanyarsa, sannan ka ɗaure. In ba haka ba zai yanka sabuwar hanya ya cinye ramin. Idan noti ne na ƙarfe, kada ka ɗiga masa ruwan kulle noti na makanikai, yana tsattsaga wasu robobi. Vibra-Tite VC-3 ake shafawa, a bar shi ya bushe kafin a ɗaura. Ka tabbata na hagu yana hagu, akwai alama a jikin farantin.

Akwai wani waigi kuma, mai karkata gefe da gefe, na digiri ɗaya ko biyu, don masu gwame ko ƙafar baka. Wannan ba a sa shi da ka, sai mai gyaran takalmi ya auna tsayuwarka. Ba shi ne matsalarka ba.

Dusa tana son taruwa a bayan matashi, a ƙarƙashin tafin ƙafa, ta daskare ta zama dunƙule, sai dunduniya ta sake ƙin sauka ka zaci waigin ne bai yi ba. Manna tef mai santsi na hana ƙanƙara a wurin, ko ka goga kakin allo. Bayan fitar farko, sa takalmi a maɗauri, taka allon da ƙafa ɗaya, ka murɗa takalmin hagu da dama da hannu kana kallon layin da matashi ya haɗu da allo. Idan ka ga layin yana buɗewa, ko ka ji ƙara, ko ruwa mai launin tsatsa yana fitowa, ka kwance, ka bar ramukan su bushe kwana biyu a ɗaki mai ɗumi, sannan ka sake ɗaurawa da sabon gam.